Injiniyan Agege da Bidiyon Gyaran Waya: Me Ake Bayarwa, Me Ake Sayarwa?

A titin Otigba da ke Ikeja a Legas, cikin kasuwar wayoyi da kwamfuta da ake kira Computer Village, akwai wani matashi Bahaushe mai teburin gyaran waya a wani lungu na bene. Haifaffen Agege ne. Fataucin goro ne ya kawo kakansa, kamar yadda ya kawo Hausawa da yawa unguwar tun bayan da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1911. Bai yarda a ambaci sunansa ba, don haka zan kira shi da abin da yaran kasuwa ke kiransa, wato Injiniya. Lamarinsa ya cancanci a tsaya a kansa, domin cikin shekaru kaɗan ya gwada hanyoyi uku na raba iliminsa a intanet: ya bayar duka kyauta, ya kulle duka, daga baya ya tsaya a wani wuri da ba wannan ba, ba wancan ba.

Yadda ya koyi sana'ar shi ne tushen komai. Mahaifinsa ya biya kuɗin koyo, ya damƙa shi ga wani ubangida a kasuwar. Shekarar farko ta ƙare a aike: sayo sikirin, karɓo batir, kai wa kwastoma waya. Idan aikin fanel ya zo, wato allon da ƙananan kayan lantarkin waya ke manne a kai, sai ubangidan ya tura shi sayen abinci, ko ya juya masa baya ya kunna buluwa, wato na'urar da ke hura iska mai zafi don narka dalma. Ba mugunta ba ce tsantsa. Haka tsarin yake a kasuwanni da yawa, ubangida na tsoron yaro ya ƙware da wuri ya buɗe tebur a gefensa. Amma abin ya tsaya wa Injiniya a rai. Abin da za a iya nuna masa cikin wata uku, sai da ya kwashe shekaru yana leƙe kafin ya same shi.

Lokacin da aka kulle Legas saboda korona a ƙarshen watan Maris na 2020, kasuwa ta tsaya cak. Yana zaune a gida da kwalin matattun wayoyi, sai ya jingina wata waya a kan kofi ya fara ɗaukar hannunsa yana aiki, yana bayani da Hausa. Yadda ake canza bakin caji ba tare da an ƙona abin da ke kewaye da shi ba. Yadda ake auna batir da mita. Abin da ya kamata a yi wa Tecno ko Infinix da ta faɗa ruwa kafin a yi gangancin sa ta a caji. Irin wannan bayani ya daɗe a YouTube da Turanci da harsunan Indiya, amma yaron da ya tashi a makarantar allo kallon hannun kawai yake yi, ba ya jin dalilin abin da ake yi. Injiniya dalilin yake faɗa, kuma da harshen da ake ciniki da shi a kasuwannin Mile 12 da Alaba Rago.

Masu kallo sun ƙaru sosai bayan 1 ga Yunin 2022, ranar da gwamnatin Legas ta hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa. Matasan Arewa da yawa sun wayi gari babu abin yi. Wasu sun koma gida, wasu sun shiga neman sana'ar da za a iya farawa da ƙaramin jari, kuma gyaran waya na cikinsu: tebur, lema, ƙarfen dalma, mita da 'yan sukundireba. Lambarsa tana ƙarƙashin kowane bidiyo. Daga nan wayarsa ba ta sake hutawa ba. Saƙon murya har tsakar dare: "Oga, don Allah, itel ce aka kawo min, tana caji amma ba ta kawo wuta, mai ita zai zo da safe." Yana amsawa, domin ya san abin da yake nufi a ce mai waya zai zo da safe alhali kai ba ka san inda matsalar take ba.

Abin da mai kallo ba ya gani

Mai kallo minti goma yake gani. Injiniya rabin yini yake bayarwa. Sai ya rufe tebur, ya nemi wayar da ke da irin matsalar da zai koyar, wani lokaci ya lalata lafiyayya da gangan don ya nuna gyaranta. Sai haske, sai janareta idan an ɗauke wuta, sai data ta ɗora bidiyon. Duk wannan yana iya ɗauka muddin kasuwa na tafiya. Amma a ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kusan duk kayan gyaran waya daga Sin suke zuwa, da dala ake sayo su. Sikirin ya ninka kuɗi, kwastoma kuma bai ninka abin da ke aljihunsa ba. Mutane suka koma ɗaure waya da roba suna lallaɓawa.

Mutane kan ce ai intanet na biyansa. Ga yadda abin yake. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mutum, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. Idan ya cika, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan da aka sa a dogon bidiyonsa ne nasa, kuma ba a turo masa sai ya kai dala 100. Injiniya ya cika sharuɗɗan. Sai dai farashin talla yana bin aljihun mai kallo ne. Kamfanin da ke neman idon mutumin Amurka ko Ingila yana biyan ninkin abin da ake biya don idon mai kallo a Najeriya. Facebook kuwa sai a tsakiyar 2024 ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗin talla.

Akwai kuma wani abu da ya shafi mutanenmu musamman. Saboda tsadar data, mutum ɗaya ne zai sauke bidiyo, sauran su karɓa ta Xender ko WhatsApp. A kasuwannin waya na Arewa, irin su Farm Centre a Kano, akwai masu tura fina-finai da wa'azi a memori, su ma sun haɗa da darussansa. Wato darasi ɗaya na iya shiga hannun jama'a masu yawa, amma a lissafin YouTube kallo ɗaya aka yi. Sunansa ya kai Maraɗi da Yamai, kuɗin hayarsa kuma na nan yana jiransa a Agege, inda mai gida ke karɓar na shekara a dunƙule.

Ranar da ya kulle ƙofa

Abin da ya ƙure haƙurinsa ya zo ne ta bakin wani yaro daga Zariya. Yaron ya kira yana neman ƙarin bayani kan "darasi na goma sha biyu na kwas ɗin da na saya". Injiniya bai taɓa sayar da kwas ba. Da ya bincika sai ya tarar wani ya tattara bidiyoyinsa, ya yanke farkonsu inda yake sallama da faɗin sunansa, ya jera su da lamba, ya buɗe rukuni a Telegram yana karɓar kuɗin shiga. Hannun nasa ne, muryar tasa ce, kuɗin na wani.

Doka tana gefensa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi hanyar da mai abu zai nemi a sauke kayansa da aka ɗora a intanet ba da izininsa ba. Ya shigar da ƙorafi, an sauke wasu, sun sake ɓullowa da wani suna. Zuwa kotu kuwa yana nufin kuɗin lauya da rufe tebur, a kan mutumin da ko garin da yake bai sani ba.

Sai ya yanke shawara cikin fushi. Ya daina ɗora sabon darasi a fili. Ya buɗe rufaffen rukuni, wanda ya tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint ya nuna shaida shi za a saka. Kuɗin bai kai na canza sikirin ɗaya ba, amma martanin ya yi zafi. Waɗanda jiya ke cewa Allah ya saka da alheri suka koma turo masa hadisin nan da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa wanda aka tambaye shi wani ilimi ya ɓoye, za a sa masa linzamin wuta ranar ƙiyama. Wani ya rubuta masa cewa zaman Legas ya cinye shi, ya zama kamar waɗanda suka koya masa. Wannan maganar ce ta fi yi masa ciwo, domin ta taɓa ainihin dalilin da ya sa ya fara.

Kullewar ba ta ma yi aikin da aka yi ta dominsa ba. Ba a yi wata ɗaya ba darussan rufaffen rukunin suka fita, domin duk wanda ke iya kallon bidiyo a wayarsa yana iya kwafarsa. Masu gaskiya suka biya, marasa gaskiya suka samu a banza, shi kuma ya ɓata dare yana zargin ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya. Abu na biyu ya fi wannan muni, kuma bai lura da shi da wuri ba: aiki ya fara raguwa a teburinsa.

Maganar malam da littafin uwargida

Ya kai damuwarsa ga wani dattijon malami da yake ɗaukar karatu a wurinsa bayan sallar Magariba a Agege. Kamar yadda ya ba ni labari, ya ce, "Allah gafarta Malam, shin na shiga cikin masu ɓoye ilimi?"

Malam ya tambaye shi, "Lokacin da kake makarantar allo, ran Laraba me mahaifinka ke ba ka ka kai?"

Ya ce, "Kuɗin Laraba."

Malam ya ce, "To, ɗana, wanda ya koya maka Fatiha ma ya karɓa, kuma bai yi laifi ba." Ya karanto masa hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari, cewa mafi cancantar abin da za a karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah, ya kuma tuna masa cewa malaman Malikiyya sun halatta karɓar ladan koyarwa. Gargaɗin linzamin wuta, in ji shi, ya fi shafar ilimin da mutum ke bukata don gyara addininsa, wanda in an hana shi zai halaka. Amma bai sallame shi haka nan ba. Ya ce masa halacci daban, alheri daban, kuma wanda Allah ya buɗa wa ƙofar da mutane ke cin abinci ta dalilinsa, ya yi tunani sosai kafin ya rufe ta don haushin mutum ɗaya.

Wannan ya kwantar masa da zuciya, amma bai biya haya ba. Amsar haya daga littafin matarsa ta fito. Ita ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma ta saba rubuta inda kowane aiki ya fito. Da suka zauna suka bi shafukan baya, sai suka ga manyan ayyukan da suka riƙe gidan ba daga masu wucewa a Otigba suka zo ba. Daga masu kallon bidiyon kyauta suka zo. Mai gyara a Gusau ko Funtuwa ya ci karo da fanel ɗin da ya fi ƙarfinsa, sai ya tara irinsu ya ba direban motar tumatir ko albasa da ke sauka a Mile 12, Injiniya ya karɓa ya gyara ya mayar ta hannun direban. Wani kuma ya turo kuɗi a sayo masa buluwa da mita masu kyau, domin ya amince wanda ya koya masa ba zai haɗa shi da jabu ba. Bidiyon bai taɓa kawo kuɗin kirki kai tsaye ba, amma shi ya sa mutumin da bai taɓa ganinsa ido da ido ba yake damƙa masa wayoyin mutane goma. Da ya daina fitowa, wannan hanyar ce ta fara ƙafewa.

A ganina nan ne zuciyar lamarin take. Ya yi ta ƙoƙarin sayar da abin da kowa ke iya kwafa cikin daƙiƙa, alhali abin da ba wanda zai iya kwafa, wato lokacinsa, hannunsa da amanar da aka ba shi, shi yake rabawa kyauta har tsakar dare.

Tsarin da yake kai yanzu

Ya mayar da darussan fili, har da waɗanda ya kulle. Sai dai yanzu fuskarsa na fitowa, kuma yana faɗin sunan teburinsa a tsakiyar bayani, inda ba za a yanke ba sai an lalata darasin. Masu turawa a memori ya aika musu cewa su tura, ya yafe, sharaɗin kawai kada a yanke komai kuma kada a ce kwas ne na sayarwa. Yanzu duk kwafin da ya fita talla yake yi masa.

Abin da ake biya shi ne amsa. Akwai ƙaramin rukuni na wata-wata, inda mai gyara zai turo hoton fanel da abin da mita ta nuna, Injiniya ya zauna bayan sallar Isha'i na awa biyu yana bi ɗaya bayan ɗaya. Bayan awa biyun yana kashe data. Wanda ke son koyo da hannu yana zuwa tebur ya yi watanni, ya biya, kuma ba a tura shi sayen abinci idan aikin fanel ya zo. Mai gyaran da ya turo aiki daga Arewa yana da kasonsa a ciki. A kowane zagaye yana ɗaukar yara biyu ba tare da ko kwabo ba, yawanci tsofaffin 'yan acaɓa, ya ce sadaka ce ga mahaifinsa.

Akwai kashi na uku da ba ya bayarwa kyauta kuma ba ya sayarwa a intanet ko nawa za a biya: cire makullin wayar da aka manta sirrinta, da taɓa lambar IMEI da ake gane kowace waya da ita. Wannan ne abin da aka fi roƙonsa, kuma shi ne zai fi kawo masa kuɗi da sauri. Amma a garin da ake fizge waya ta tagar mota a cunkoso, ya san hannun da darasin zai faɗa. Mai irin wannan matsala sai ya zo da kansa da rasit ko kwalin wayar. Na daɗe ina jin masu cewa ilimi duka a sake shi, kuma ina tare da su a mafi yawan lokuta, amma a nan ina ganin Injiniya ya fi su gaskiya.

Kada a ɗauka ya yi arziki. Kuɗin rukunin yana hawa yana sauka, kuma ya ragu bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Wasu daga cikin yaran da ya koyar sun buɗe tebur a Ikeja ɗin nan, suna karya farashi. Abin da tsohon ubangidansa ke tsoro ya faru da shi, ya kuma ce ya san zai faru. Har yanzu akwai masu zaginsa idan ya ce lokacin amsa ya wuce.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan mafita ba ta kowa ba ce. Injiniya yana da tebur. Bayan bidiyo akwai waya ta zahiri da sai an kawo masa, akwai kayan aiki da sai an saya. Marubuciyar da ke sayar da labarinta babi-babi ta WhatsApp fa, wadda abin da ta mallaka duka shi ne rubutun, kuma mutum ɗaya na iya fitar da shi ga dubbai? Ko malamin lissafi da ke warware tambayoyin JAMB da Hausa? Su ba su da fanel ɗin da direban Mile 12 zai kawo musu. A wurinsu nauyin yana komawa kanmu masu karatu da kallo. Mun iya kawo hadisin ɓoye ilimi da sauri, amma ba kasafai muke tuna wanda Ibn Majah ya ruwaito ba, cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Mutumin da ya buɗe tebur da darasin wani, yake ciyar da iyalinsa da shi, bai kamata sai an kulle masa ƙofa kafin ya tuna da wanda ya koya masa ba. Kaɗan daga cikin ɗaliban Injiniya suna turo masa wani abu da kansu idan kasuwa ta yi kyau, ba tare da ya tambaya ba. Matarsa ta buɗe musu shafi daban a littafin, kuma shafin bai cika ba tukuna.

A yanzu abin da ke gabansa shi ne ko ya kama shago cikakke don ya ƙara yawan masu koyo da hannu, tunda nan ne kuɗin ya fi tabbata. Abin da ke riƙe shi shi ne daɗaɗɗen shirin gwamnatin jiha na mayar da kasuwar gaba ɗaya zuwa Katangowa, wajen Abule Egba, wanda aka shafe shekaru ana magana a kai. Idan aka tashi kasuwar bayan ya biya hayar shekara biyu a Otigba, jarinsa ya tafi. Idan kuma ya jira, masu neman gurbin koyo sun riga sun fi kujerun da ke gaban teburinsa yawa, wasunsu kuma sun taso ne tun daga Sakkwato suna kwana a wurin 'yan'uwa a Agege suna jiran a kira su.